Amsa: Me Ya Sa Sunan Lemun Zaƙi Ya Bambanta a Harsunan Turai?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da Faransawa ke cewa orange, Girkawa kuma portokali, alhali abu ɗaya ne. Lemun ne ya shiga Turai sau biyu, ta hanya biyu.

Wanda ya fara zuwa mai ɗaci ne, Larabawa suka kai shi Andalus da tsibirin Sisili na Italiya. Sunansa ya taso daga Indiya, naranga a harshen Sanskirit, ya zama narang a Farisanci, naranj a Larabci. Sifaniyawa sun riƙe shi, naranja. A Italiya da Faransa kuwa harafin n na farko ya narke cikin ƙaramar kalmar da ake sa wa kafin sunan (una ko une), sai aka samu arancia da orange. Nan mutane ke kuskure, su ɗauka daga launin da ake kira orange aka samo sunan. A'a, launin ne ya ari sunan lemun.

Mai zaƙin ya yaɗu ne a ƙarni na 16 ta hannun fataken Fotugal, shi ya sa Girkawa da Turkawa da mutanen Romaniya ke kiransa da sunan ƙasar, har Larabawa ma burtuƙal suke cewa. Mutanen Holan kuma asalinsa suka duba, suka ce sinaasappel, wato tuffar Sin. Daga nan Jamusawa suka samu Apfelsine, Rashawa apelsin.

Shi kuwa lemon, sunan lemun tsami a Turanci, daga laimun na Larabci yake, tushen da ya ba mu lemo. Sai dai ka kula, Faransawa citron suke ce masa.