Amsa ga mai son fara tara alƙaluman tawada

Ɗan'uwa, ka ce alƙaluman da kake gani a hannun marubuta da alƙalai a tsofaffin finafinai ne suka ja hankalinka, kana tambayar da wanne za ka fara, kuma ko tawadar allo za ta yi.

Tawadar allo dai kada ka kuskura. Gawayi ne da ƙaro a cikinta. Alƙalamin kara yana jure ta, amma irin wanda kake so yana da wata 'yar hanya a ƙarƙashin bakinsa, siririya kamar silin gashi, ƙaro yana bushewa a nan ta toshe. Haka tawadar hatimi da ta masu zane. Nemi tawadar Parker Quink ko ta Pelikan 4001.

A tsofaffi, Parker 51 nake ba da shawara. Ya fito a 1941, kuma manyan ire-irensa biyu ne. Na farkon, Vacumatic, yana da robar zuƙo tawada wadda shekaru ke kashewa, gyaranta sai gwani. Na biyun, Aerometric, daga 1948 ya fara: ka kwance gindin, ka tsoma bakin a tawada, ka matsa ƙarfen da ke jikin jakar tawadar sau huɗu, ya sha. Jakarsa ba ta saurin mutuwa, wankewa kawai yakan buƙata. Bakinsa a lulluɓe yake, saboda haka bai cika bushewa da hunturu ba. In kuɗi bai kai ba, Hero 616 na China kwaikwayonsa ne, ya isa koyo, sai dai ka gwada kafin ka biya, don ba duka ke rubutu sumul ba.

Kafin ciniki ya faɗa, sa madubin ƙara girma. Duba bakin murfi, nan ne tsagewa ke farawa. Duba ɗan ƙwayar ƙarfen da ke tsinin baki; in ta guntule, zai riƙa yagar takarda. Ɓangarorin bakin biyu su tsaya daidai da juna.

Masu ɗan ƙarfen da ake ɗagawa a gefe don zuƙo tawada, irin tsofaffin Sheaffer da Esterbrook, su ake yawan karyawa. In ƙarfen ya ƙi tashi, kada ka tilasta: jakar roba ta tawada da ke ciki ce ta sandare. Ɗumama mariƙin, wato inda yatsu ke riƙewa, da na'urar busar da gashi, ba da wuta ba, don wasu jikkunan suna kama wuta nan take. Zare shi a hankali, kankare tsohuwar jakar, manna sabuwa da shelak, wani irin ƙaro ne, ka barbaɗa mata hodar talk marar ƙamshi.

Wanki da ruwan sanyi ne. Ka zuƙa ka fitar har ya fito fes. In tawadar ta kafe, jiƙa ɓangaren bakin kaɗai ya kwana. Ban da ruwan zafi, ban da sifirit. Baƙaƙen alƙaluman nan na roba mai tauri kuma ba a jiƙa su, ba a bar su a rana, launinsu yana komawa ruwan ƙasa.

Tunda mai son littattafai ne kai, za ka ji labarin jerin da Montblanc ya fara a 1992 da sunayen marubuta. Dakata tukuna, jabun wannan kamfanin ya yi yawa. In kuma rubutu za ka yi a cikin littattafanka, takardar tsohon littafi tana shanye tawada ta ɓullo ta baya, fensir ya fi a gefen shafi.

Wanda za ka ajiye fiye da wata guda, zubar da tawadar, ka wanke, ka bar shi ya bushe kafin ka mayar da murfi.