Wanne Za A Ara, Wanne Za A Saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce a Jidda. Ɗana shekararsa 14, yana mutawassiɗa, wato ƙaramar sakandare. Da ba ya ajiye waya, yanzu Allah ya sa masa son karatun riwaya, wato littattafan ƙagaggun labarai, amma duk mako sai ya ce a kai shi kantin littattafai na Jarir. Littafin riyal arba'in ko hamsin, dare biyu ya cinye shi ya jefa ƙarƙashin gado. Yanzu kuma wai sai wani littafi "Khauf", don abokansa duk sun karanta. In ci gaba da saye ne?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki fara da godiya ga Allah, iyaye da yawa wannan matsalar suke roƙo. Amma ki daina saye. Littafin da yaro zai gama a dare biyu bai sake waiwayarsa ba, na aro ne.

Wuri mafi kusa yana cikin makarantarsa. Makarantun gwamnati a nan suna da ɗakin da ake kira "masadir at-ta'allum", yara da yawa kuwa sai su gama makarantar ba su san ana ba da aro a ciki ba. Ki ce ya je ya gaida malamin da ke kula da ɗakin, ya tambaya. Bayan nan akwai Maktabar Sarki Fahd ta jama'a a nan Jidda. Ku tafi tare rannan da iƙamarku, wato katin izinin zamanku, ku nemi bayanin katin zama mamba, da yawan littafin da ake fita da shi, da ranar mayarwa. Ranar mayarwar nan ki rubuta ta ki manna a jikin firji, don nan ne ake samun saɓani da yara.

Abin da zai ɗauko kuwa, ga ɗan shekara 14 mai saurin karatu babu kamar jerin nan na Masar da iyayen abokansa suka tashi da su. Na farko "Al-Mugamirun al-Khamsa" na Mahmud Salim, wanda ya fara fitowa a 1968: yara biyar a unguwar Ma'adi ta Alƙahira, da karensu Zanjar, suna bin sawun ɓarayi, shugabansu wani ɗan lukuti Takhtakh. Larabcinsa mai sauƙi ne, daidaitaccen Larabci ne tsantsa, kuma babu abin da zai sa ki sunkuyar da kai. Wataƙila ya ce na yara ne. To, sai a haura zuwa "Rajul al-Mustahil" na Nabil Faruƙ, labarin jami'in leƙen asiri Adham Sabri, wanda aka fara a 1984 har ya kai littafi 160. Ki lissafa kuɗin 160 a kanti, sannan ki gane dalilin da na ce a ara. Ba wani zurfi gare shi ba, dambe ne da gudu da mota da ɓad da kama, amma yana koya wa yaro zama da littafi har shafin ƙarshe, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda na fi so a ba shi shi ne "Ard Zikola" na Amru Abdulhamid, na 2010. Wani saurayi Khalid ne ya bi ta wani rami na ƙarƙashin ƙasa ya ɓulla wata ƙasa da ba a ciniki da kuɗi, da basira ake biya. Ka sayi burodi, a rage maka kaifin ƙwaƙwalwa. Ka yi aiki, a ƙara maka. Wanda ya fi kowa talauci kuma shi ake yankawa a ranar bikinsu ta shekara. Yaro zai gama shi ya zo yana tambayarki ko da ke ce me za ki yarda ki saya. A nan hira take.

Sai maganar "Khauf". Na Usama al-Muslim ne, ɗan ƙasar nan, ya fito a 2015, kuma gaskiya ne matasa na rububinsa. Labarin aljanu ne da matsafa, an rubuta shi da bakin mai ba da labari kamar a kansa abin ya faru, shi ya sa yara da dama ke ɗauka gaskiya ce. Ni dai a shekara 14 zan ce a dakata. Idan tsoron yake nema, "Ma Wara' at-Tabi'a" na marigayi Ahmad Khalid Taufiƙ ya fi dacewa: Dakta Rif'at Isma'il tsohon likita ne ramamme mai sanƙo, mai baƙar magana, wanda yakan sa mai karatu dariya a tsakiyar firgita. Sai dai ki sani mashayin sigari ne na ƙin ƙarawa, kada ki gani daga baya ki ce ban faɗa ba. Kada kuma ki hana "Khauf" da tsawa. Abokansa za su tura masa a waya kafin la'asar. Ki ce masa ke za ki fara karanta babi uku, sannan ku yi magana.

Tambaya: Anti, ni 'yar sanawiyya ce, wato babbar sakandare, a Madina, shekarata 16. Duk abin da ƙawayena ke karantawa daga soyayya sai aljanu. Babu littafin da yarinya ke yin wani abu da kanta?

Akwai, 'yata. Ki nemi "Sitt al-Kull" na Tagrid an-Najjar. Yusra 'yar shekara 15 ce a Gaza. Mahaifinta masunci ne, ya ji rauni ya kasa fita, sai ta gyara jirginsa ta shiga teku da kanta, mutanen unguwa na ta surutu. Sai "Fatin" na Fatima Sharafuddin, na 2010, kan yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye aka kai aikatau wani gida a Bairut lokacin yaƙin basasar Labanon, albashinta na tafiya hannun mahaifinta, ita kuwa ta ƙudura sai ta yi karatu. Mu da muka san gidajen da 'yan'uwanmu ke aiki a ƙasar nan, wannan littafin ba zai yi miki baƙo ba. Akwai 'yar soyayya a ciki, mai kunya, ki gaya wa Umma tun kafin ta tambaya.

Idan ba ki same su a kan kanta ba, ki rubuta sunayen a takarda ki miƙa wa malamar ɗakin karatunku. Masu kula da maktaba suna jin daɗin ɗalibar da ta zo da suna a hannu. Maktabar Masallacin Annabi kuwa wurin zama ne a yi nazari, ba can ake neman riwaya ba.

Tambaya: Ni magidanci ne a Makka, wajen titin Mansur. 'Ya'yana nan aka haife su. Suna jin Hausa, suna mayarwa da Larabci, ba sa iya karanta ta. Na duba ɗakunan karatu ban ga na Hausa ba. Ƙanena zai zo Umra, me zan ce ya taho da shi?

Alhaji, a nan ne kuɗin ya kamata ya tafi. Na Larabci a ara, na Hausa a saya, don gidanka ne kaɗai maktabarsu.

Ka ce ya fara da "Magana Jari Ce" na Abubakar Imam, duka littafi uku, kada ya kawo na ɗaya kaɗai. Gajerun labarai ne da aku ke bayarwa, kowanne ana gama shi a zama ɗaya. Ya haɗo da "Ruwan Bagaja", shi ma na Imam, na 1934. Rikicin jarumin labarin, Alhaji Imam, da Malam Zurƙe ɗan Muhamman har yau yana sa yaro ya riƙe ciki. Kamfanin NNPC na Zariya ne ke buga su, kuma ana samunsu a shagunan littattafai na Kano da Zariya da Kaduna. Ya buɗe kowanne a gaban mai shago ya duba, don akwai bugun jabu da shafuka ke ɓacewa ko tawada ta dushe har ƙ da k su zama ɗaya. Sirara ne, ba za su ci masa kilo a jirgi ba.

"Shaihu Umar" na Abubakar Tafawa Ɓalewa ka ajiye wa babban cikinsu. Labarin yaron da aka sace ne, ya tashi a hannun Balarabe, mahaifiyarsa ta bi sahara tana nemansa har ita ma ta faɗa bauta. Yaron da ya taɓa jin baƙar magana kan launin fatarsa a makaranta bai kamata ya karanta shi shi kaɗai ba. Ka zauna kusa.

Kada kuma ka miƙa musu littafin ka ce su karanta. Idonsu ya saba da rubutu daga dama, kuma Hausar Imam ta girmi wadda suke ji a gida. Kai za ka karanta da ƙarfi bayan Isha, labari ɗaya, suna bin yatsanka a kan layi. Wanda ya koyi baƙaƙen Turanci a makaranta, abin da ya rage masa kaɗan ne: ɓ, ɗ, ƙ, 'y, da ts. In suka tsayar da kai suna tambayar mene ne "waziri" ko "fadawa", ka amsa da Larabci ba laifi, ka wuce.

Kafin ƙanen naka ya iso, ka nema musu "Amaliƙat ash-Shamal" na Najib al-Kilani a maktaba. Likita ne ɗan Masar, ya kafa labarin a Nijeriya lokacin juyin mulkin 1966 da aka kashe Sardauna, jarumin kuma sunansa Usman Aminu. Kallon baƙo ne, wa'azi ya yi masa yawa, kuma ɓangare ɗaya ya tsaya, saboda haka ka shirya gyara masa wasu wurare da bakinka. Wannan na aro ne, mako biyu ya isa.