Amsa ga 'yar'uwar da aka ɗora wa shugabancin ƙungiyar kai abinci gida-gida

Assalamu alaikum 'yar'uwa, Allah Ya taya ki riƙo. Kin ce an ba ki shugabancin ƙungiyar da ke kai dafaffen abinci ga tsofaffi da marasa lafiyar da ba sa iya fita daga gida, kina tambaya ko neman kuɗi za ki sa a gaba ko ƙara yawan gidajen da ake kai wa. Na daɗe a wannan aiki, na yi rabo, na riƙe jadawalin 'yan sa-kai, daga baya na yi shugabanci, saboda haka ki yi haƙuri da tsawon amsar.

Ni dai shawarata, ki ɗan jingine duka biyun tukuna. Ki fara da bin masu rabo, layi bayan layi, har sai kin tsaya a ƙofar kowane gida da ke cikin rajistarku. Abin da za ki gani a ƙofofin nan babu rahoton da zai faɗa miki shi. Za ki tarar da dattijon da ya jawo kujerarsa kusa da ƙofa tun da hantsi don kada a ƙwanƙwasa bai ji ba. Za ki tarar da baiwar Allah da abincin jiya ke ajiye gefen gadonta ba a taɓa ba, kuma ba don ba ta jin yunwa ba, yatsunta ne suka kasa buɗe murfin. A ofis an rubuta cewa an kai mata, an kuma ƙirga ta cikin waɗanda aka ciyar.

Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne, mutumin da ba ya iya fita, ranarsa gaba ɗaya a kan zuwanku ya tsara ta. Mai ciwon suga yakan sha maganinsa ko ya yi allurarsa da lissafin cewa abinci na tafe. Idan bai zo ba, sugan jininsa na iya faɗuwa har ya suma, kuma babu kowa a ɗakin. Shi ya sa ban yarda da ƙara gidaje don a burge masu tallafi ba. Ki ɗauki adadin da za ku iya kai wa a makon da ya fi kowanne muni, makon da mota ta lalace, mai girki ta kwanta ciwo, 'yan sa-kai biyu suka yi tafiya. Wannan ne ainihin ƙarfinku, ba abin da kuke iyawa ranar da komai ya tafi daidai ba.

Sai batun ƙofar da aka ƙwanƙwasa ba a amsa ba. Idan ƙungiyarku ba ta da rubutacciyar ƙa'ida a kan wannan, shi ne aikinki na farko. Mai rabo ba ya ajiye abinci a bakin ƙofa ya wuce. Zai kira wayar mai gidan, ya tambayi maƙwabta, ya kira ɗan'uwan da aka rubuta lambarsa ranar rajista, sannan ya sanar da ofis nan take. Ofis kuma ba ya tashi sai an san halin da kowane suna ke ciki. Sau da yawa ba komai ba ne, an kai mutum asibiti ne ko wani ɗa ya zo ya ɗauke shi. Amma akwai ranar da za a tarar ya faɗi a banɗaki tun dare, kuma mai rabonku ne kaɗai mutumin da zai zo gidan a yinin nan.

Wannan ba sabon abu ba ne ga masu irin aikin. Tsarin da aka sani da Meals on Wheels ya samo asali ne a Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda mata 'yan sa-kai suka riƙa kai abinci ga waɗanda ruwan bama-bamai ya raba da madafarsu. Ya isa Amurka a 1954, a birnin Filadelfiya, kuma a 1972 gwamnatin ƙasar ta shigar da ciyar da tsofaffi cikin dokarta ta kula da su. Har yau masu tafiyar da shi suna lissafa leƙa lafiyar mutum da 'yar gaisuwar bakin ƙofa cikin aikin, daidai da abincin. Akwai ma'auni guda a dokar Amurkan da ya cancanci a ara: kowane kwano ya ba mutum aƙalla kashi ɗaya cikin uku na abin da jikinsa ke buƙata a rana.

Ta fannin kicin, abin da ya fi cin mutane shi ne lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙe abinci mai zafi sama da digiri 60 a ma'aunin Selsiyus, mai sanyi ƙasa da digiri 5, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka nan. Tsakanin waɗannan ma'aunai biyu ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, kuma gudawar da matashi zai warke daga ita cikin kwana biyu tana iya kai tsoho kushewa. Ki sayi ma'aunin zafin abinci, ki sa a riƙa auna kwanon gidan ƙarshe a kowane layi, ba na farko ba. In ya huce kafin a isa, layin ya yi tsawo, a raba shi biyu ko a samo kuloli masu riƙe zafi.

Ranar rajista kuma a tambayi mutum ciwonsa da abin da likita ya hana shi. Mai hawan jini da gishiri, mai ciwon ƙoda da nasa sharuɗɗan, wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki yana iya ƙwarewa da abin da ba a tausasa ba. A tambaye shi ko yana da haƙoran tauna. Mutane kan ji nauyin faɗa, sai an tambaya cikin mutunci.

'Yan sa-kai ba kasafai suke gudu don aikin ya yi yawa ba. Suna gudu ne idan sun zo a kan lokaci suka tarar ba a gama zubawa ba, ko suka yi ta zuba mai a abin hawansu babu mai tambaya. Ki mayar musu da kuɗin mai ba sai sun roƙa ba, ki bar kowa a layinsa don ya san mutanensa su san shi; wanda ya saba da fuskar mutum ne ke lura ta rame. Kuma ki tantance duk wanda za ki tura, domin gidan mai rauni za shi shi kaɗai. Ba karɓar kyauta, ba taɓa kuɗin mai gida ko da aike ne, ba ɗaukar hoto sai da yardarsa. Wannan na hoton ina da zafi a kansa ƙwarai. Babu tallafin da ya kai a nuna wa duniya tsohuwa a kan shimfiɗarta ba da saninta ba.

Kuɗi kuwa, in kin zo nemansa, ki fitar da ainihin abin da kwano ɗaya ke ci tun daga tukunya har hannun mai shi, da mai, da mazubi, da albashin mai tsara rabo. Masu bayarwa sun fi son a ce kuɗinsu abinci ya saya, sai ki nuna musu a takarda cewa abincin da ba a kai ba bai ciyar da kowa ba. Kada ki dogara da mutum ɗaya ko hukuma ɗaya, kuma ki yi ƙoƙari ki tara ajiyar da za ta riƙe ku wata uku kafin ki ƙara ko gida ɗaya.

Abin da zai fi hana ki barci shi ne jerin masu jira. Za a kira ki a ce ga wata can ba ta da kowa, ku kuma kun cika. Ki zauna da kwamitin amintattu ku rubuta wa za a fara ɗauka: wanda ke zaune shi kaɗai, wanda aka sallamo daga asibiti, wanda ba ya iya tsayuwa ya dafa. Rubutun nan ne zai kare ki ranar da wani babba a kwamitin ya kawo sunan ɗan'uwansa. Waɗanda ke jiran kuma kada a bar su shiru, a riƙa kiransu lokaci-lokaci a ji yadda suke, domin wanda ke iya dafa wa kansa a watan jiya yana iya zama ba ya ko tashi a wannan watan, sai a matso da sunansa gaba.