Ƙanena, zaɓen Girinlan bai buɗe maka ƙofa ba tukuna

Assalamu alaikum ƙanena. Na ga saƙonka. Ka ce ka ji waɗanda suka ci zaɓe a Girinlan za su ɓalle daga Denmak, Amurka kuma za ta zubo kuɗi a haƙar ma'adinai, shi ya sa kake so ka biya wani dillali kuɗin biza tun da wuri. Don Allah riƙe kuɗinka.

Ina nan Nuuk, babban birnin Girinlan, aka yi zaɓen, ranar 11 ga Maris 2025, muna cikin azumi. Majalisarsu, Inatsisartut, kujeru 31 ce, mutanen ƙasar duka ba su kai 60,000 ba. Jam'iyyar Demokraatit ta samu 10, Naleraq 8, ta firaminista na lokacin, Múte Egede, ta tashi da 7. Naleraq ce mai son a rabu da Denmak da gaggawa, kuma ita kaɗai aka bari a waje lokacin da shugaban Demokraatit, Jens-Frederik Nielsen, ya haɗa gwamnati da sauran jam'iyyu uku. Shi ma yana son 'yanci, amma sannu a hankali, sai tattalin arziki ya tsaya da ƙafarsa. Ina ganin gaskiyarsa, domin har yanzu Denmak na turo sama da krona (kuɗin Denmak) biliyan 4 duk shekara. A wurin aikinmu kuwa, sabuwar dokar kamun kifi da halin da asibitoci ke ciki sun fi maganar Trump ta son mallakar Girinlan yawa a bakin mutane.

Tun 2009 suke mulkin kansu, amma izinin zama da aiki na baƙi yana hannun hukumomin Denmak har gobe. Girinlan ba ta cikin Tarayyar Turai, ta fice tun 1985, kuma bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai ba ta shigar da kai sai an rubuta Girinlan a jikinta. Duk dillalin da bai faɗa maka wannan ba, kuɗinka yake so.

Ma'adinan ma ba yadda ake zuzutawa ba ne. Babban aikin da ake ta magana a kai kusa da garin Narsaq ya tsaya tun da aka hana haƙar yuraniyom a 2021. Aikin da ake samu na sarrafa kifi da jatan lande ne, sai otal, gini da asibiti, kuma 'yan Filifin da Tailan da yawa suna ciki. In karatu ne, a jami'ar Ilisimatusarfik akasarin darussa da harshen Denmak da na Girinlan ake yi.

Gida yana wahala ƙwarai a Nuuk. Kada ka motsa sai kamfani ya ba ka takardar ɗaukar aiki mai ɗauke da albashi da wurin kwana. In dillalin ya ba ka wata takarda, turo min hotonta, zan je ofishin kamfanin da ƙafata in tambaya. Ka gaishe min da Inna.