Amsa Daga Zangon Kumasi: Su Wane Ne Tsofaffin Nan Masu Anko Ɗaya?

Assalamu alaikum ɗana. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka isa Kano lafiya, ka tarar da mahaifiyarka da sauran mutanen gida ƙalau. Saƙon muryar da ka aiko sau uku na saurare shi. Na so in mayar maka da baki, sai na ga maganar ta fi ƙarfin minti biyu, shi ya sa na zauna na rubuta, yadda in wani a can yana da irin tambayarka sai ka nuna masa.

Ka ce a bikin autata ka ga tsofaffi maza da mata sanye da yadi iri ɗaya, wanda ku kuke kira anko mu kuma muke cewa yayi. Su ke tarbar baƙi, su ke rabon goro, ɗaya daga cikinsu ma ita ce riƙe da jakar gudummawa. Ka ɗauka dangi ne, har sai da ka ji an kira wani da sunan Tonawa, wato Ashanti, ka kuma hangi kuros a wuyan mai jakar. Da ka yi tambaya aka ce maka 'yan ajinmu ne. Shi ne ka ce, Kawu, yaushe ɗan aji ya shige gaban ɗan'uwa? Ban ji haushin tambayar ba. Wanda ya tashi a gidan da kakannin kakanninsa suka gina, baffa a wannan ɗaki, gwaggo a lungu na gaba, dole abin ya zame masa baƙo.

Ka fara tuna yadda muka zo nan. Kakana da kakan mahaifinka uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ɗaya ya zauna a Kano, ɗaya ya bi ayarin fataken goro zuwa Gwanja. Da yaƙin basasa ya ci Salaga, babbar kasuwar Gwanja, a 1892, fatake suka watsu, wasu Karaci, wasu Yeji, wasu Kintampo, daga baya da yawa suka gangaro Kumasi. Galibinsu su kaɗai suka zo, daga su sai jaki da buzun salla. A nan suka yi aure, a nan suka haihu. Saboda haka dangin ɗan zango ba su da zurfi, in ka ƙirga baya sau biyu ko uku sai ka tarar da mutum ɗaya tilo. Kuma zango ba na Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Mosawa, Dagwamba, Wangarawa, Kwatakwali, Zabarmawa, Fulani, Yarabawa. Salla da harshen Hausa suka haɗa mu. Tun muna yara mun saba kiran mutum baba ko inna alhali ko ɗigon jini bai haɗa mu ba.

An sa ni boko a 1962. A lokacin iyayenmu ba sa so, kuma suna da hujja, domin sun ga yaran da suka shiga makarantun mishan suka fito da wani suna. Mahaifina sai da ya samu makarantar hukuma kafin ya yarda, bisa sharaɗin ba zan bar allo ba. Da safe boko, da yamma gaban malam. A unguwa ana yi mana kallon waɗanda aka sallama wa Nasara, a makaranta kuma wasu na kiranmu da sunan rainin da ake kiran 'yan arewa da shi. Wannan ya sa muka manne wa juna. Koko da ƙosai ɗaya muke rabawa, bulala ma tare muke sha.

Muna aji biyu na midil aka yi abin da har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta fitar da doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Ghana cikin kwana 14. Mutumin da aka haifa a unguwar Aboabo ta nan Kumasi, bai taɓa taka Najeriya ba, ya wayi gari baƙo. Aka riƙa sayar da gidaje da kekunan ɗinki a kuɗin banza. Manyan motoci suka cika da mata da yara da tukwane. Yarabawa sun fi kowa tafiya, amma Hausawa da Zabarmawa ma sun tafi da yawa. Mu 46 ne a aji. Da aka dawo hutun ƙarshen shekara malaminmu ya buɗe rajista yana kiran suna, sai ya kira, shiru, ya sake kira, shiru. Da ya kai tsakiya ya rufe littafin ya fita waje. Mu 31 muka rage.

Matar nan mai kuros, a waɗannan kwanaki mahaifiyarta ce ta zo gidanmu da dare, ta kwashi innata da mu yara biyar ta kai mu ƙauyensu, cikin gonar koko, muka yi mako uku har mahaifina ya samu takarda. Ta ware mana tukunyar da ba a taɓa dafa abin da ba ma ci a cikinta ba. To ka gaya mini, jakar bikin 'yata wa zan ba in ba 'yar wannan mata ba?

Mun gama a 1972, kowa ya kama gabansa. Da tattalin arzikin Ghana ya durƙushe, rabinmu muka nufi Legas, Agege ta zama zango na biyu. A farkon 1983 gwamnatin Shagari ta ce mu ma mu fita, muka dawo da jakunkunan nan da kuka raɗa wa suna, muka tarar da fari da gobarar daji da yunwa, har ƙashin wuya in ya fito ana ce masa sarƙar Rawlings, da sunan shugaban ƙasar na lokacin. Ka ga an ce mana baƙi a nan, an ce mana baƙi a can. Daga nan wasu suka bi sahara zuwa Libiya, wasu Jamus, wasu Amurka. 'Ya'yanmu ma hanyar suka bi. Sai tsufa ya zo ya tarar da mutum a ɗaki ɗaya cikin gidan gado mai cike da 'yan haya, ɗansa na Hambog, 'yarsa na aure a Akra. Fanshon hukuma na SSNIT kuwa galibi na wanda ya yi aikin albashi ne, mu ko yawancinmu direbobi ne, teloli, mahauta, 'yan goro, masu gadi.

Shekara da shekaru ba mu da wata ƙungiya. Sai dai a haɗu a kasuwar Kejetia a gaisa a wuce. Abin da ya tashe mu mutuwa ce. A 2011 aka yi sanarwar jana'izar ɗayanmu a masallaci. A maƙabartar Tafo muka ji cewa wata takwas ya yi kwance, layi uku tsakanin ɗakinsa da nawa, ban sani ba. Maƙwabciya ce ke miƙa masa kunu. Mu bakwai muka tsaya bayan an watse, ba wanda ya iya kallon idon wani. A wurin muka sa rana.

Lahadin farko ta kowane wata muke zama, bayan la'asar, don 'yan'uwanmu Kirista su samu dawowa daga coci. Ba mu da ofis, kuma da gangan muka ƙi kama wuri. Gida-gida muke zagayawa, domin mutum zai iya sa wankakkiyar riga ya zo taro yana dariya, amma in kun shiga ɗakinsa za ku ga kwanon da ke yoyo da murhun da ya kwana biyu ba wuta. Kowa yana zuba sidi 20. Wanda ba shi da shi a wannan wata ba a kiran sunansa, mai littafi ce kaɗai ta sani. Na waje suna turowa ta MoMo, wato hanyar tura kuɗi ta waya. Kowace safiya kuma akwai kiran rajista a WhatsApp, kowa ya ce ina nan. Wanda idonsa ya yi rauni jikansa ya amsa masa. In aka kwana biyu ba a ji mutum ba, wanda ya fi kusa da shi ya sa takalmi ya je ya buga ƙofa. Sau biyu wannan bugun ƙofa yana tarar da mutum a ƙasa, ya faɗi ya kasa tashi.

Akwai inshorar lafiya ta gwamnati tun dokar 2003, kuma wanda ya kai shekara 70 an ɗauke masa kuɗin shekara. Amma kati yana bukatar sabuntawa, ba kowane magani yake ɗauka ba, kuma kati ba ya riƙe hannun tsoho a layi. Don haka in ɗayanmu zai ga likita a asibitin Komfo Anokye, wanda mu har yau Gi muke ce masa, wani zai raka shi tun asuba, ya saurari abin da likita ya ce, ya dawo ya maimaita wa iyali. Hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa su ne ke cin asusunmu.

Abu mafi wuya shi ne kunya. Ɗan zango ya gwammace ya kwana da yunwa da a ce an tara masa kuɗi. Akwai ɗayanmu, tsohon direban babbar mota a hanyar Kumasi zuwa Bawku, mutumin da a zamaninsa ba wanda bai ci arzikinsa ba. Ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya karye. Ranar da muka kai masa kuɗi a ambulan ya juya fuska bango, hawaye na zuba. Ba mu ƙara ba. Matarsa tana sayar da koko, sai muka mayar da duk abincin taronmu da na sadakokinmu hannunta, muna biya gaba ɗaya a farkon wata. Mai aski a cikinmu yana zuwa duk Alhamis. Ranar Juma'a mutum biyu su ɗora shi a keken guragu zuwa masallaci. Wata rana muna zaune a ɗakinsa, wani ya ja ƙira'ar da malaminmu na allo yake biya mana ƙananan surori da ita, da irin muryar nan ta yara. Sai muka ji ya kama. Mutumin da shekara guda bai iya kiran sunan matarsa ba ya bi mu tun daga Tabbat har Nasi. Matar ta fito daga madafa da ludayi a hannu ta tsaya a bakin ƙofa. 'Ya'yansa suna ƙaunarsa, suna turo abin da suka samu, amma ba su san wannan murya ba, ba a haife su ba lokacin da aka zuba ta a kansa.

Haka wata 'yar ajinmu da ruɗewar tsufa ta kama. Tana fita da dare tana neman hanyar makaranta. Sai aka fara raɗe-raɗi a gidan haya cewa mayya ce, kuma a ƙasar nan wannan kalma tana iya kashe tsohuwa. Muka yi yayinmu mu 12, muka je muka zauna a tsakar gidan tun hantsi har azahar, muna kiranta da sunan da muke kiranta a aji, tana amsawa tana dariya. Limamin unguwa ya zo ya yi wa mutane bayanin cutar. Maganar ta mutu daga ranar.

Ka tambayi batun mutuwa tsakaninmu da Kirista. Sun san mu ba ma ajiye gawa, don haka in suka ji, ko a gona suke sai su bar komai su taho. Suna tsayawa gefe har a idar da salla, su raka mu Tafo, su dawo ranar addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in. Su kuma Tonawa gawarsu takan yi makonni a asibiti, a yi taro ranar Asabar da baƙaƙe da jajayen tufafi, ana shelar gudummawar kowa a lasifika. Muna zuwa, mu yi gaisuwa, mu ba da namu, mu zauna inda ba a shan giya, in lokacin salla ya yi su da kansu suke shimfiɗa mana tabarma. Akwai matasan malamai da suke ganin mun yi sakaci. Ina girmama iliminsu, amma ban yarda da su ba. Babban limamin ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, da ya cika shekara 100 a 2019, da ƙafarsa ya shiga cocin Katolika a Akra don gaisuwa, kuma ba a samu wanda ya fi shi tsoron Allah cikin masu sukarsa ba.

Kada ka ɗauka babu saɓani. Wasu na waje da ke turo kuɗi mai kauri sun so muryarsu ta yi kauri daidai da shi, har sai da muka ce wanda ya wanke wa maras lafiya jiki ya fi wanda ya turo dala. Maganar jam'iyyun NPP da NDC mun hana ta gaba ɗaya bayan ta kusa raba mu a zaɓen 2016. An kuma yi tsegumi a unguwa kan tsofaffi maza da zawarawa suna zama wuri ɗaya, shi ya sa muke zama a tsakar gida, a gaban iyalin mai gida.

Ka ce ku ma kuna da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, irin ta Barewa da ta Rumfa. Na sani, kuma suna aikin alheri, suna gyara azuzuwa. Tamu ba ta taɓa fitar da ko kansila ba, makarantar ma an canza mata suna da tsari tun gyaran ilimi na 1987. Mu 17 muka rage, biyar a waje. Kowane zama mai littafi tana karanta sunayen duka 46, har da waɗanda suka tafi a 1969, mu yi wa matattu addu'a, kowa da irin tasa.

A nan nake da roƙo gare ka. Cikin 15 ɗin nan da suka tafi a 1969 mun gano shida, ɗaya a Ogbomosho, ɗaya a Yamai, sauran 'ya'yansu ne suka amsa mana. Yaron da muke zama benci ɗaya da shi Bakano ne, mahaifinsa ɗan goro, kuma na ji da kunnena yana cewa Fagge za su sauka. Yana da tabon ƙuna a bayan hannun hagu, tare muka jawo fitilar da ta yi masa shi. Zan faɗa maka sunansa da na mahaifinsa a waya. Ka je wajen dattawan 'yan goro a Mariri, ka tambayi waɗanda aka koro daga Kumasi. In yana raye ka ba shi lambata. In ya riga mu, ka nemo mini ko ɗa ɗaya nasa.

Ka gaishe da mahaifiyarka, ka ce mata goron da ta ce in aiko yana hanya.