Yadda za ka gane shekarar tsofaffin hotunan Kaduna

Ɗan'uwa, ka ce ka tarar da hotunan titunan Kaduna a akwatin marigayi mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, ba kwanan wata a jiki, kana son sanin yaushe aka ɗauke su, kuma a ina.

Fara duba motoci. Idan suna bin hannun hagu, hoton ya girmi watan Afrilun 1972, lokacin da Najeriya ta koma tuƙin dama. Sai allunan kantuna: farashi da fam da sule na nufin kafin Janairun 1973, da aka fito da naira. Gine-gine ma suna taimakawa. Masaƙar KTL ta Kakuri ta fara aiki a 1957, otal ɗin Durbar kuwa don bikin al'adun Afirka na FESTAC na 1977 aka gina shi.

Game da wurin, kada sunan da muka sani yau ya ruɗe ka. Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, Babbar Kasuwa ake kiranta a da, tituna da dama ma an sauya musu suna. Ni dai na fi amincewa da layin dogo, gada da masallatai, don kanti yakan canza hannu sau da yawa. Ka nuna wa dattawan 'yan kasuwa tun suna raye, su kan tuna har mai shagon.

Don Allah kada ka manna musu leda mai zafi, kada ka rubuta a bayansu da biro. Ka ɗauki kwafi, ka adana na asali nesa da laima.

Wanda ya gagara, ka kai Arewa House, cibiyar binciken tarihi, ko ofishin adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna.