Ku Tambaya Mu Amsa: Wai aiki yana yin kwantai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ce a unguwar Zariya nan Maradi. Bayan ƙaramar salla ɗinkunan mutane sunka taru mani ban gama ba, sai na ce ma yayana aiki ya yi mani kwantai, shi ko ya yi ta dariya wai ba haka ake cewa ba. Don Allah mi ake ce ma aikin da ya taru ba a gama ba, kuma wa ke da gaskiya tsakaninmu?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah shi ƙara kasuwa. Ki yi haƙuri, wannan karon yayanki ya fi ki gaskiya, amma dai dariyar ta yi yawa don ba ki yi nisa da hanya ba.

Kwantai maganar kasuwa ce. Ɗan'uwan kwana ne da kwanta, wato kaya ne anka kai don saidawa ba a samu mai saye ba sunka kwana hannun mai su. Yarinya ta fita da tallan ƙosai ta dawo da rabin faranti, ƙosai ya yi kwantai. Ƴan kasuwarmu ma sun san shi sarai, lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 har Disamban 2020 ai kaya da yawa kwantai sunka yi a shaguna, tunda hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina ita ce jijiyar kasuwar garin nan. To kin ga a kwantai abin an gama shi, shina nan a shirye, mai so ne babu. Ke kuwa naki akasin haka ne, masu so suna nan har suna kiran waya dare da rana, ɗinkin ne bai gamu ba. Da a ce kin ɗinka riguna na saidawa kin rataye har salla ta wuce ba wanda ya taya, nan ne za ki ce sun yi kwantai kuma ba mai yi maki dariya. (Akwai masu jifar budurwar da ta daɗe ba ta yi aure ba da kalmar nan, ni dai ba na son jin haka, mutum ba haja ba ne.)

Abin da ya dace da halin da kike ciki shi ne bashin aiki. Ni a ganina duk cikin kalmomin da muke da su ita ta fi faɗin gaskiya, saboda tana nuna akwai wani can da ke jira, ya kawo yadinshi, wataƙila ma ya ba da rabin kuɗi, an yi mashi alƙawarin rana kuma ranar ta wuce. Shi ya sa take tafiya da kalmomin bashi gaba ɗaya, ki ce ana bi na bashin aiki, ko bari in rage bashin ɗinkin da ke kaina, in kin gama ki ce na biya. Ma'aikacin buro da dosiyoyin mutane sunka cika mashi tebur shi ma bashin aiki ke kanshi, haka mushen lakwal da bai duba kayen yara ba. Tsofaffin ma'aikatan gwamnati da sunka ga shekarun 1990 sun san ɗayan gefen, lokacin da ake haɗa watanni ba a biya su ba, abin da ake ce ma ariyere da Faransanci, a Hausa bashin albashi ke nan.

In kuma ba mai jira, yawan ne kawai kike son nunawa, sai ki ce tarin aiki, ko tulin aiki, ko jibgin aiki in abin ya yi muni. Wanki ya taru, wanke-wanke ya yi tsibi, aiki ya sha kaina, duk Hausa ce mai kyau.

Sai ramuwa, wadda mutane ke yawan cakuɗawa da bashi. Ramuwa ta abin da ke da lokacinshi ce kuma lokacin ya kuɓuce, kamar azumin da mutum ya sha don ciwo ko tafiya ya zo shina ramawa bayan salla, ko sallar da barci ya ɗauke shi bai yi ba, har ramuwar barci ana cewa, kuma na san telolin Maradi kun fi kowa saninta bayan daren jajibiri. Amma ba a cewa ina ramuwar ɗinkin Hajiya, sai dai ina biyan bashin ɗinkinta.

Don haka gobe in yaya ya leƙo shago ki ce mashi bashin aiki ne ya yi maki yawa, in ko shina cikin masu bin bashin to ya bi layi. Masu tambaya kan bambancin jinga da ƙodago ku dakace mu sai fitowa ta gaba, wuri ya ƙare.